Sarkin Gefe da Shanyar Shinkafa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya mana hanyoyi a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Alhaji Namadi, manomin shinkafa a Gulma, wanda abokan wasa suka naɗa Sarkin Gefe. Asalin sarautar kuwa shanya ce. Da kaka manoma kan baza shinkafa a gefen kwalta, daidai inda yara ke bi da kekunansu zuwa makaranta. Yaro mai tarbiyya ba ya taka abincin mutane, sai ya kauce ya hau tsakiyar titi, inda motocin albasa ke wucewa a guje.

Wata rana ya iske ni a zaure bayan karatu, ya ce, "Malam, wai hanya na da hakki bisa Musulmi?" Na ce tana da shi, kawar da cuta daga kanta ma sadaka ce. Ya ce, "To ka hwaɗa musu ran Juma'a. Ni in na hwaɗi, cewa za su yi don tawa ta riga ta bushe."

Na faɗa, aka jinjina kai, aka koma aka yi shanya. Shi kuwa sai ya share filinsa na bayan gari, ya daɓe shi, ya ce kowa ya kawo tasa. Ya bi masu unguwanni, ya bi direbobi har tashar Argungu, yana roƙon a kula da yara a hanya, bisa tsohon kekensa, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Masu tsokana kan ce, "Ranka ya daɗe, ina dogaranka?" Sai ya ce, "Suna aji, sai an tashi."

Da zai leƙo Birnin Kebbi yau, ya ga yadda jikokina ke kutsawa tsakanin babura daga unguwar Gesse zuwa makaranta, na tabbata ba zai zauna shan fura ba sai ya nemi a faɗaɗa masa masarauta. Wannan aiki yana jiranmu.

Amma a Gulma, kakar bara, na ga wani baƙo ya fara shimfiɗa tamfol a bakin titi zai shanya shinkafa. Wani dattijo ya ce masa, "Kwashe, ɗana, nan ƙasar Sarkin Gefe ta." Ya kwashe, yaran makaranta suka wuce a jere bisa kekunansu suna kaɗa ƙararrawa.

Allah Ya haskaka kabarinsa. Ya albarkaci mai karatu da iyalinsa, Ya mayar mana da kowane yaro gida lafiya.