Ƙanin Mai Keke

A gidan hayar kowa Mai Keke yake kiranta, saboda keken ɗinkin da ta kafa a bakin ƙofarta tun rasuwar mijinta. Gajeriyar mace ce mai sanyin murya, ba ta da abokin faɗa. Ita ke ɗinka wa yaran gidan kayan makaranta, ran Lahadi kuma ita ke share majami'a kafin kowa ya iso.

Zaman lafiyar ya ƙare ranar da aka sako ƙaninta Dogo daga gidan yari. Shekarun baya ya sari wani direba da adda a rigimar giya, har mutumin ya rasa hannu. Ya fito a rame, yana tari, dangi duk sun juya masa baya. Ta shimfiɗa masa katifa a bayan keken, tsakanin buhunan ƙyallaye.

Matar makanike, wadda ɗakinta ke kallon nata, ita ta fara.

"Mu da 'ya'yanmu za ki ajiye mana mai saran mutane?"

"Ƙanina ne. Ina zan kai shi?"

"Ki mayar da shi inda ya fito."

Washegari aka sa wa famfon tsakar gida kwaɗo, aka ba kowa mabuɗi ban da ita. Aka tsinke mata igiyar shanya, yadin mutane ya faɗa kwata. In Dogo ya fito zai zaga banɗaki, sai mata su kwashe yaransu su banko ƙofa. Masu kawo ɗinki suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu, ko an yanka ko ba a yanka ba.

Abin da ya fi ci mata rai daga majami'a ya zo. Wani dattijon ikilisiya ya zauna a bencinta, ya ƙi ko kallon ruwan da ta kawo masa.

"'Yata, sunanmu kike ɓatawa. Ki sa shi a mota ya tafi ƙauye."

"Baba, ku kuka koya mini Yesu ba ya korar wanda ya zo wurinsa."

"Kada ki yi mini wa'azi. In gidan nan ya taso miki, ba mai tsaya miki."

"Akwai, Baba. Tun da na binne mijina, Yesu bai bar ɗakin nan ba."

Dattijon ya kaɗe rigarsa ya fita. Lahadin nan ta tarar an ba wata mata tsintsiyar majami'a.

Ba wai ba ta jin tsoro ba ne. Wata safiya ta ga Dogo ya ɗaure kayansa.

"Yaya, bari in tafi kafin su farfasa miki keke."

Ta fizge ƙunshin ta zauna a kai. "Ni ma cikina ya ɗuri ruwa. Amma ba mu biyu kaɗai ba ne a nan. Durƙusa." Suka yi addu'a, makwabta na tsaki ta taga. Da suka tashi ta miƙa masa dutsen guga.

Ƙarshen wata mai gidan hayar ya ce su fice. 'Yan haya suka jeru suna kallo, ba wanda ya kama mata ko kujera. Matar makanike ta fara share ƙofar tun suna tsaye, tana watsa musu ƙura a ƙafa. Dogo ya dunƙule hannu. Mai Keke ta riƙe masa tsintsiyar hannu da ƙarfi.

"Ɗauki kan keken, mu je."

Ba ta san inda za su ba. A bakin kasuwa wani mai injin niƙa, wanda ba su taɓa ko gaisawa ba, ya gan su tsaye da kaya a rana. Ya tambaya, ta faɗa masa komai, har saran. Sai ya buɗe musu rumfar bayan injinsa.

Can take ɗinki har yau, cikin ƙara da ƙurar gari. Tsofaffin makwabta in sun hango ta sai su tsallaka titi. Ran Lahadi ita da Dogo suna zama a bencin baya. Ba mai zama kusa da su, amma in aka ɗauki waƙa, muryarta ce ke fara fita.