Shanu Takwas da Gidan Mahaifiyata

Shekarun baya, a shekarar da aka daina kashe fam da sule aka koma naira, ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da tashar mota a Potiskum. Keke ɗaya gare ni, da benci, da dutsen guga na gawayi. Ban yi aure ba tukuna. Ni da mahaifiyata muke zaune a gidan da mahaifina ya bari, ɗaki uku da rijiya. Cikin 'ya'yan da ta haifa ni kaɗai na rayu.

Ina da aboki da muka tashi tare, ɗan dillali ne a kasuwar shanu. Shekarar an yi fari mai tsanani, shanu sun rame, farashinsu ya faɗi. Sai ya ce ya gaji da karɓar la'ada, yana so ya ɗauki shanu da kansa ya kai Kudu. Wani Alhaji, Babarbare mai garke, ya yarda ya ba shi shanu takwas bashi a kan fam ɗari da sittin, in ya samu wanda zai tsaya masa.

Na raka shi. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Yaro, ka san ma'anar tsayawa?"

"Na sani, Baba Alhaji."

Ban sani ba. Sabuwar riga na ɗinka wa kaina a makon, kuma ina so dattawan da ke zaune a tabarmar su ga cewa ni ma na zama mutum. A gaban shaidu biyu na ce, "In bai biya ba, ni ne." Har da ɗan buga ƙirji.

Bayan wata guda abokina ya dawo, ya fi shanun ramewa. Motar da ta ɗauke su ta lalace a daji, suka kwana huɗu babu ruwan kirki. Uku sun mutu a nan, sauran ya sayar da su a wulaƙance. Fam talatin ya iya kai wa Alhaji. Ya zo shagona ya zauna a benci, bai ko iya kallon idona ba. Ya ce zai tsallaka Chadi ya nemo kuɗi, ba zai wuce wata biyu ba. Ban sake ganinsa ba har yau. Ban ma san ko ya isa ba.

Da wata uku suka cika, Alhaji ya sa aka kira ni gidan Bulama, mai unguwarmu. A nan na fara jin bashin da sabon kuɗi. Bulama ya ce, "Saura naira ɗari biyu da sittin." Na ce ai fam ɗari da talatin ne, yaushe ya ninka? Mutane suka yi dariya, aka fahimtar da ni duk ɗaya ne. Ni kam a kunnena ya ninka, kuma bai sake raguwa ba. Watan da ya fi kowanne kyau a shagona, wato na sallah, da ƙyar nake haɗa naira ashirin.

Gaskiya Alhaji bai zalunce ni ba. Ya ce, "Kawo sittin yanzu, sauran kuma biyar-biyar duk wata. Ban son kai ɗan mutane kotu." Bulama ya ce wannan sauƙi ne, in karɓa. Na ce to, na gode. Na tashi ban da sittin, ban da goma ma.

Ban gaya wa mahaifiyata ba. Tana da hawan jini, na ce wa kaina saboda lafiyarta ne. Yanzu da na tsufa na san kunya ce kawai. Na fara canja hanya. Ranar kasuwar shanu nakan rufe shago in ce na tafi sayen zare. In na hango dogon mutum mai jar hula kamar Alhaji, sai in ratse lungu. Haka na ci wata huɗu ina wasan ɓuya da mutumin da ya san ƙofar gidanmu.

Sai sammaci ya zo. Masinjan kotu ya miƙo mini takardar a shago, na jefa ta cikin aljihun keke tare da allurai. Zaman farko ban je ba, na aika cewa zazzaɓi nake yi.

Akwai wani dattijo, muhutin kotun, wato mai rubuta shari'a, da nake yi wa ɗinki. Shi ya tako har shago. Ya zauna, ya ce, "Ɗana, me kake yi wa kanka haka?"

Na ce, "Malam, ina so in ɗauki lauya."

"Da wane kuɗi? Kuma lauya ba ya tsayawa a gaban alƙali. Kai za ka yi maganarka da bakinka."

"To in an yanke, ba zan iya ɗaukaka ƙara ba?"

"Za ka iya. Amma a kan me? Ka musa cewa ka tsaya masa?"

Na ce ban musa ba.

Ya ce akwai wata hanyar. Wanda ba shi da komai, yakan kawo shaidu biyu su tabbatar, ya rantse, sai alƙali ya sa a jira shi har Allah ya hore masa. Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Sai ya ƙara da cewa, "Amma kai kana da gida. In aka cire tumunin mahaifiyarka, wato kashi ɗaya cikin takwas na gado, sauran duk naka ne. Ba za ka rantse a kan ƙarya ba, ni ma ba zan rubuta ba." Abin da ya rage, in ji shi, in je in roƙi mai kuɗin ya amince da biya kaɗan-kaɗan a gaban alƙali, a rubuta. "In ya yarda, an gama. In bai yarda ba, ba mai tilasta shi alhali kana da abin sayarwa."

Ranar zama na biyu na je. Da ƙyar na gane Alhaji. Rigarsa ta yi masa yawa. Fari ya cinye garkensa, kuma Fulanin da shi ma ya karɓi shanu a hannunsu sun kai shi ƙara. Alƙali ya tambaye ni, na ce, "Allah ya gafarta malam, na tsaya masa, ban musa ba. Ina roƙon a bar ni in riƙa biyan biyar-biyar."

Alƙali ya juya ga Alhaji. Alhaji ya ce, "Ni na fara yi masa wannan tayin, ya gudu. A lokacin ina iya jira. Yanzu wallahi ba zan iya ba, ni ma an ba ni wa'adi."

Aka ba ni kwana arba'in. In ban kawo ba, a sayar da gidan, a fitar wa mahaifiyata nata, a biya Alhaji. Keken ɗinki alƙali ya ce a bar mini, da shi nake ci.

Kwana arba'in ɗin nan na zagaya duk wanda na sani. Shekarar ba mai ba wani, kowa hatsi yake nema. Naira goma sha ɗaya na tara.

Sai ana gobe masu saye za su zo duba gidan na gaya wa mahaifiyata. Da hantsi ne, tana zaune bakin rijiya tana tsince wake. Na durƙusa na faɗi komai tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Nawa ka ce ya nema da fari?"

"Sittin, Inna."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wani tsohon gwangwanin madara a naɗe cikin tsumma, ta juye shi a faifan waken. Warwaron azurfarta ne guda biyu, da kuɗin awakin da ta riƙa sayarwa ɗaya-ɗaya. Ko ban ƙirga ba na ga sun haura sittin.

Ta ce, "Na aurenka nake tarawa. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dai sake tambaya, a hankali, "Me ya sa?" Na kwashi kuɗin da gudu na kai wa Alhaji. Ya kalle su, ya ce da wata shida da suka wuce ne, da ya karɓa. Yanzu duka yake bukata, ko ba komai.

Aka sayar da gidan a farashin shekarar yunwa. Bayan an biya bashi, abin da ya rage mini bai isa ko fili ba. Na koma kwana a shago. Mahaifiyata ta koma ƙauye wurin ƙaninta, inda mata ke tafiya mai nisa kafin su samo ruwa. Na yi mata alkawarin zan dawo da ita gari da zarar na kama ɗaki biyu. Duk zuwan da na yi takan ce, "Kada ka matsa wa kanka, nan ma lafiya nake." A damina ta biyu ta rasu. Saƙon ya iske ni a makare, na tarar an riga an kai ta.

Daga baya na yi aure, na gina gida, na aurar da 'ya'ya. In wani ya zo mini da maganar bashi, nakan ce masa ya je ya zauna da mai kuɗin tun yana sauraronsa, ya amsa sammaci ranar farko, kuma ya gaya wa mutanen gidansa kafin su ji a waje. Sukan ce na iya ba da shawara. Ba su san inda na koyo ta ba.

Mutane suna cewa komai yana wucewa. Bashin ya wuce, Alhaji ma ya daɗe da rasuwa, kuma mun yafi juna kafin nan. Amma na haura shekara saba'in yanzu, na girmi mahaifiyata a ranar da ta yi mini tambayar nan, kuma har yau ban samu amsar da zan ba ta ba.