Anti Kwali da Yayanta Direba

A asibitin nan kowa Anti Kwali yake kiranta, har likitoci. Aikinta koya wa kunne sauraro. Duk wanda aka sa wa na'urar ji, wurinta ake turo shi, don na'ura ita kaɗai sai ta cika wa mutum kai da hayaniya. Tana da wani tsohon kwali da take kare bakinta da shi in tana magana, kada a karanta leɓenta. Masu kuka sun yi, masu zagi sun yi, kwalin nan bai taɓa sauka ba.

Sai ga yayanta ya shigo. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar babansu, da tuƙin motar 'yan makaranta ya biya mata kuɗin karatu. Zazzaɓi ya taɓa masa kunne, an sa masa na'ura, amma ya ƙi zuwa horo, wai shi garau yake. Yanzu mai makarantar ya ce ba shi ba mota sai asibiti ya tabbatar yana ji. Gwajin kuwa a hannunta yake.

"Auta, yi mana maza-maza, yara na jira," in ji shi, yana kaɗa makulli.

Ta ɗaga kwalin.

"Ce kujera."

"Kujera."

"Taga."

"Taga!"

Kai, har ta fara jin sanyi a ranta. Sai ta lura ba ita yake kallo ba, idonsa na bayanta, inda matarsa ke tsaye. Ashe baiwar Allah tana motsa masa baki!

"Matar Yaya, don Allah jira mu a waje."

"Haba Auta! Da wannan aikin muke ci fa. Shi ya raine ki!"

"Na sani. Fita."

Ƙofa ta rufe. Zufa ta keto wa yaya. Ita kuwa wallahi ji take kamar ta yar da kwalin ta ce ya ci gwajin. Amma ta san yadda yara ke bin bayan mota in tana ja da baya, sun ɗauka wasa ne.

Ta gyara kwalin, ta ɗaga murya yadda mai gadi zai yi daga bakin ƙofar makaranta.

"Direba, tsaya! Akwai yaro a baya!"

Yaya ya yi murmushi. Ya jira, ya gyara zama.

"To, fara mana," ya ce.

Ta sauke kwalin a hankali. Ta maimaita maganar, wannan karon yana kallon bakinta. Murmushin ya ɓace. Ya daɗe yana duban makullin, sannan ya ajiye shi a kan tebur, ya tura nesa da hannunsa.

"Yaushe ake horon naku?"

"Yanzu, Yaya," ta ce, hawaye na zubo mata.

Shi da kansa ya ɗauki kwalin ya miƙa mata.