Buhun Shinkafa a Kujerar Inna

Shekarun baya, ni da abokina muka saka wa motocinmu irin shokabzoban nan mai zobba, wanda ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Rana ɗaya muka saya. Ni na sauke tawa har ta kusa lasar ƙasa, don in na shigo kasuwar Gwandu a juyo a kalle ni. Kuma an kalla.

Mahaifiyata na fama da ciwon baya, duk wata ni ke kai ta asibiti a Kalgo. Sau biyu ta shiga motata bayan gyaran, a na uku ta ce, "Kira mini abokinka. Wagga mota taka ƙashina taka nema."

Ya zo ya ɗauke ta, ina tsaye da makulli a hannu. Wai har barci ta yi a hanya. Daga ranar bakinta bai huta da yabonsa ba, ɗana kaza, ɗana kaza. In ta soya kifi, tsoka tasa ce, kai nawa. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Ni ta haifa, amma motar wani take jira.

Girman kai ya hana ni tambayarsa. Na ɗauko sifana na hau zoben sama, wanda ke riƙe da sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyin mota, na yi ta matsewa. Mota ta ɗan tashi, na ce shi ke nan, na gama da shi. Na lallashi Inna ta shiga. Ba mu yi nisa da gari ba muka faɗa wani rami, ta yi salati ta dafe baya. Kwana uku a zaune take salla.

Da ƙafata na je gidansa. Bai yi mini dariya ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Ya biyo ni da karan dawa da buhun shinkafa. Ya sassauta zoben sama har sifirin ya zauna daidai, ya ɗan ƙara murɗi kaɗan.

"Ka shaƙe shi, ba shi da wurin numfashi," in ji shi. "Tsawo ga zoben ƙasa aka neman shi."

Sai ya ɗora buhun a kujerar baya, ya riƙa auna tsakanin taya da jikin mota da karan, yana murɗa zoben ƙasa, kusurwa bayan kusurwa.

Na ce, "Buhun na mi ne?"

Ya ce, "Inna ce. Haka na yi ma tawa motar kafin in ɗauke ta."

Ni ban taɓa tunanin nauyinta ba.

Na roƙe shi kada ya faɗa mata. Wata na zagayowa ta shiga da ƙyar, muka kama hanya, ina satar kallonta a madubi ina jiran yabo. Har muka isa ƙofar asibiti ina jira. Tana sauka ta shafa kujerar ta ce, "Allah shi yi ma abokinka albarka. Hannunai na ji."

Yau motata take shiga, kuma ni da shi muna nan yadda muke. Amma gaskiya kishin bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. Abin da ke cina yanzu, lokacin da nake tunanin 'yan kasuwa, shi uwata yake tunani. Karan nan har yau yana cikin but ɗin motata, ban iya yar da shi ba.