Kunun da Ya Kwana Huɗu Yana Numfashi

Ko da zan manta sunan ƙauyen da aka binne cibiyata, ba na jin zan manta makon da maigidana ya zamanantar mini da kunu. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga shuɗin durom na roba a kasuwa sai gabana ya faɗi.

Kunun zaƙi nake sayarwa a unguwar Ɗan Iya da ke Bauchi, a lokacin na shekara goma sha takwas ina yi. Ba yabon kai ba, in ana suna ko walima aka ce kunun gidanmu ne, har ɓoye kofi ake yi. Aikin ba shi da wani asiri: a jiƙa gero, a markaɗa da citta da kanumfari da busasshen dankali, a dama rabi da tafasasshen ruwa, in ya huce a zuba ɗanyen ƙullun da tsiro, a rufe ya kwana, da safe a tace. Aibinsa ɗaya, ba ya jure zafi. In ba a kawo wuta ba, kafin la'asar ya yi tsami.

Sai Malam ya yi ritaya. Duk matar da mijinta ya bar aiki da sauran ƙarfinsa ta san abin da nake nufi. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana gyara wa mutane takarda da jan biro, rana ɗaya ya waiga bai ga kowa ba sai ni. Ya fara da yadda nake shanya, ya gangaro kan yankan albasa, daga ƙarshe ya sauka a kan kunu.

Wata safiya ya miƙo mini wayarsa. "Maman yara, zo ki ga yadda mutanen da suka ci gaba ke yin kunu."

Wani Bature ne yake juya hatsi mai tsiro a tukunyar ƙarfe. Ya tace, ya zuba a durom, ya barbaɗa wani gari, ya rufe ruf, daga baya ya ɗura a kwalabe. Yaren ba Turanci ba ne, Malam kansa bai tsinci ko kalma ɗaya ba.

Na ce, "Malam, ka tabbata kunu ne wannan?"

Ya ce, "Ba ga tsiro kina gani ba? Kuma ki dubi gemunsa, har ƙirji. Wannan bawan Allah ai ya musulunta, ƙila ma ya fi mu riƙon sunna. Nasu wata guda yake yi bai lalace ba."

Iyakar hujjar ke nan, gemu.

Ana cikin haka matar liman ta zo da kanta ta ce 'yarsu ta sauke Alƙur'ani, walima ranar Asabar, ni zan yi kunun duk taron. Lokacin zafi ne, tukwanena kuma ba za su ɗauka a tashi ɗaya ba. Malam ya ce ga ranar da kimiyya za ta yi amfani, a yi tun Litinin a huta. Na yarda. Ƙyuya na ciki, ba zan ɓoye ba, amma abin da ya fi karya mini zuciya shi ne rabona da in ga idonsa yana ƙyalli haka tun ranar da ya kwaso kayansa daga ofis.

Ya tafi kasuwa ya dawo a keke-napep da durom mai murfin ɗaurewa, da siririn tiyo, da ma'aunin zafi irin na asibiti, da yis ɗin burodi, don shi ne ya fi kama da garin da Baturen ya barbaɗa. Ya huda murfin ya zura tiyon, ɗaya bakin ya tsoma a kwalbar ruwa. Na dama kununa, ya ƙwace ragamar aiki.

Ranar Talata kwalbar ta yi shiru, alhali ta Baturen ɓul-ɓul take yi. Malam ya kasa cin tuwo. Ya ƙara sukari mudu biyu, ya ƙara yis, ya lulluɓe durom ɗin da bargon aurenmu a cikin wannan zafin na Bauchi. Da yamma sai ga kwalba tana ɓul-ɓul.

Ya ce, "Kin ji? Yana numfashi."

Daga nan ya ɗora wa kansa aikin ɗanɗanawa, kofi guda da safe, kofi biyu da yamma, yana rubuta sakamako a littafi. Ni ya hana ni kusantar wurin, wai hannuna na gargajiya ne. Ranar Alhamis na lura Malam ya canza. Mutumin da dariyarsa sai da dalili, ga shi yana wa kaji barka da hantsi. Da la'asar ina tsince shinkafa ya zauna kusa da ni ya ce, "Maman yara, kin san duk duniya ban taɓa ganin mace irinki ba? Da ba don ke ba, da ni ba kowa ba ne." Shekara talatin da ɗaya ina jiran wannan magana. Na shiga ɗaki na yi kukan daɗi, har na sa turare.

Ranar Juma'a da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya. Dattijuwa ce Basayiya, 'yar zumuntar mata a cocinsu, mun shekara ashirin katanga ɗaya. Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga hanci, ta bi warin har gindin bargo.

Ta rage murya, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Maƙwabciya, wa ya koya maka wannan aiki?"

Na ce kunun walimar liman ne, na zamani.

Ta buɗe murfin, ta sunsuna, ta ja baya. "Uwana ya yi shekara arba'in yana dafa burkutu a ƙauye, bai taɓa yin mai ƙarfin wannan ba. In ka kai ma liman, gobe duk unguwa zai yi rawa."

Na hango malamai a jere kan tabarma, da 'yan mata masu allo, kowa da kofin gidanmu a hannu. Sunan da na tara a shekara goma sha takwas saura kwana ɗaya ya zube. Malam kuwa littafinsa ya faɗi, ya dinga salati yana kurkure baki a bakin rijiya kamar zai cire harshen.

Dattijuwar nan ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga kafaɗunta na rawa. Ta ce kada a zubar a kwata, wari zai kai labari masallaci kafin mu, a juye a masai. Ta aiko da manyan tukwanenta biyu, ta ce a jiƙa sabon gero da ruwan ɗumi don ya yi saurin laushi. Kafin magariba mun dawo daga inji, ta tsaya muka dama tare. Ranar Asabar aka sha kunu har ana tambayar ƙari, ita kuma tana cikin mata da mayafinta. Har ta koma ga Allah ban ji maganar a bakin kowa ba.

Malam ya je wurin liman a asirce ya faɗi gaskiya. Liman ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, sannan ya shafa nasa gemun ya ce, "Amma ka bar wa mai kunu kununta."

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Bayan kwana biyu na ce masa, "Ashe maganar ranar Alhamis ta durom ce."

Ya ce, "Maganar tawa ce. Durom ɗin ƙofa kawai ya buɗe."

Abin da na koya, gemu ba ya shaidar abin da ke cikin tukunya, kuma sanin da Malam ya je nema a ƙasar Turawa yana bayan katangarmu da rariya a hannu. Durom ɗin yanzu ruwa muke tarawa a ciki. Malam kuwa ya koyi faɗar maganar nan da ruwan randa kawai a cikinsa, sai dai sau ɗaya a shekara, kuma sai ya juya mini baya.