Gaurakin Akwatin Ƙulu

Mailafiya mai fenti ya zo Libreville daga Kano a 1974, lokacin da kuɗin man fetur ya sa har mai tura baro yana taƙama da agogo. A unguwar Oloumi yake yi wa manyan motoci zane. Hannu gare shi, wannan ni abokinsa ban taɓa musu ba, sai dai taurin kansa ya fi hannun. Ya bar matarsa Ƙulu a gida da alkawarin shekara ɗaya. Ya yi biyar.

Wani kuku ɗan Japan mai suna Tanabe, wanda jirgin ruwansu ke lodin katako a tashar Owendo, ya ba shi kalanda mai zanen ƙasarsu: gauraki biyu a ƙarƙashin reshe mai farin fure. Da guntun Faransancinsa ya bayyana masa cewa tsuntsayen miji da mata ne da ba sa rabuwa har tsufa. Furen kuwa sati ɗaya yake yi ya zube, ana zana shi ne don a tuna abu mai kyau ba ya jira.

Mailafiya ya riƙe zancen tsuntsaye, ya watsar da na fure. Ya sayi akwatin ƙarfe zai kai wa Ƙulu, ya zana gaurakin a murfi. Wata shida yana gyaran fukafukai, motoci suna zuwa, yana ɗage tafiya. Da ya gama sai ya yi abin da maigidansa ya koya masa a Kano: ya ja siririn jan layi a wuyan kowanne, kada a ce ya zana abu mai rai.

Da jirgin Tanabe ya dawo, Mailafiya ya nuna masa akwatin yana washe baki.

"Wa ya yanka su?" in ji Tanabe.

"Haba, mu haka muke yi."

Tanabe bai ko taɓa shayin da aka zuba masa ba.

Ba a yi wata ba takarda ta iso daga Sabitu, wan Ƙulu. Alƙali ya raba auren, ta gama idda, har ta tare a wani gidan.

Ni dai na san ba fenti ya kashe auren nan ba, shekara biyar ce, kuma na faɗa masa. Bai ji ba, shi jan layin yake zargi. Abin yana ba ni haushi, yana ba ni tausayi. Akwatin yana nan a ɗakinsa a unguwar Nombakélé, ba komai a ciki. Ya yi ta kankare jan layin da reza har ƙarfe ya fito, yanzu gaurakin ba su da wuya ko kaɗan.