Ranar da Kifin Tafkinmu Ya Mutu

Ranar wata Litinin ce a tsakiyar bazara, shekarar da na cika tara, Turawa na nan da mulkinsu, saura kwana uku a yi su, wato bikin kamun kifi, a babban tafkin garinmu. Na fita da hantsi ɗauke da tulu, ni da ƙawata Hajjo, sai wari ya tare mu tun kafin mu kai tsamiyar bakin ruwa. Da muka gangara muka tarar tafkin ya yi fari fat da cikin kifi. Karfasa da kurungu da ragon ruwa duk sun juya ciki sama, iska na kaɗo su gefe, shirwa na ta shawagi. Maza sun yi cirko-cirko. Can sai wani daga bayan taro ya ce, "Jiya da sassafe na ga Dauda a nan shi kaɗai, yana ta magana da ruwa." Dauda kuwa mahaifina ne. Hajjo ta dube ni, ta matsa gefe. Na juya da tuluna ba ko ɗigo, na sheƙa gida.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar kogin Haɗeja, ta wajen Baturiya. Da damina ruwa kan malalo ya shafe ko'ina, mu yara mu wuni muna korar tsuntsaye a gonar shinkafa muna kaɗa gwangwani har murya ta dishe. In ya janye sai ya bar tafkuna, mu shiga tsinkar bado, mu kama kifin da ya maƙale a taɓo da hannu. Amma babban tafki, tun kaka Sarkin Ruwa yake ɗaure shi. Ruwan sha kawai ake ɗiba. Ba mai jefa homa, ba mai jiƙa rama a ciki, sai ranar su, ranar da gari duka ke faɗawa ruwa da gora da koma, da kiɗi da guɗa. Kifin wannan rana shi ake bandawa, shi ke riƙe miyar kowane gida har ruwan sama ya sauka. Saboda haka abin da ya taso kan ruwa a safiyar nan abincin mutane ne na watanni.

Baba haifaffen garin ne. Yana saurayi kuturta ta kama shi, aka kai shi asibitin mishan a ƙasar Kano, ya yi shekaru can. Ya dawo ya warke, babu yatsu biyu a hannun hagu, da mata, wato Inna, da kuma addinin Kirista. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a garin, kuma a gaskiya lafiya muke zaune da mutane. Da Sallah naman layya kan cika mana kwarya, da Kirsimeti ni nake zagaya maƙwabta da shinkafa. Inna ta koya mini karatun boko da gawayi a jikin bangon rumbu, Hajjo tana leƙe tana kwaikwayo. Da yake ba mu da majami'a, kowace Lahadi Baba kan je bakin tafki da sassafe ya durƙusa ya yi addu'a da ƙarfi, sannan ya dawo mu yi waƙa tare a tsakar gida. Kowa ya san da haka. Amma ranar nan sai kowa ya yi kamar bai taɓa gani ba.

Kafin azahar magana ta yi rassa. Wasu suka ce magimfa ya daka ya zuba, wato ganyen nan mai kashe kifi. Wasu suka ce a'a, wani ruwan kwalba ne Turawa suka ba shi. Dagaci ya aiko a kira shi. Na bi a guje na laɓe bayan danga, ina jiran in ji Baba ya ɗaga murya ya rantse ya ƙaryata su ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, na je bakin ruwa, addu'a na yi. Ban zuba komai ba. Ni ma 'ya'yana kifin nan suke jira." Shi ke nan, bai ƙara ba. Wani ya zage shi da nakasar hannunsa, ya kira shi da sunan ciwon da ya warke tuntuni, Baba bai ko ɗago kai ba. Dagaci ya yanke cewa kada ya sake taka bakin kowane tafki sai an bincika, in kuma ta tabbata shi ne, zai bar garin, a karɓe gonarsa ta fadama. Baba ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya taya haƙa ramin binne kifin. Aka ce ya yi, amma daga can nesa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san zama ba. Ina cikin surfe sai in yar da taɓarya in leƙa ƙofar gida, in dawo, in sake leƙawa. Abinci ya ƙi shiga. A dandali in na shiga layin gaɗa sai 'yan mata su watse, wasu ma suka yi mini waƙa da magimfa a ciki. Na kama wata na yaga mata zane, ita kuma ta fasa mini leɓe. Na zo gida ina huci na tarar Baba yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, "Baba, don me ba za ka rama ba? Ƙarya fa suke yi maka!" Ya ɗebo ruwa ya wanke mini baki da hannun nan mai yatsu uku. Ya ce, "Saratu, yunwa suke tsoro, shi ya sa bakinsu ya yi zafi. Ubangijina ma an yi masa ƙazafi, kuma bai zagi kowa ba. Allah ya ga abin da na yi a bakin ruwa, wannan ya ishe ni in yi barci." Ni dai bai ishe ni ba. Da ya tara mu addu'a ya shiga ambaton masu zaginsa da sunayensu yana roƙa musu abinci, na ƙi cewa amin. Inna ta zungure ni, na ƙara ƙunshe bakina.

Muna da wata maƙwabciya, Iya Falmata, tsohuwa ce da iyayenta suka zo daga wajen tafkin Chadi. Mijinta ya rasu, jikoki uku take riƙo, kuma tufkar igiyar rama ce sana'arta. Da kullum tana gidanmu, ita ke yi mini kitso, amma tun ranar da kifi ya mutu ta ɗauke ƙafa. Na ɗauka ita ma ta bi sahun mutane ne, na daina gaishe ta. Baba kuwa ya ci gaba da aika mata hatsi a ƙwarya, har ya gyara mata dangar da iska ta kayar.

A rana ta tara Sarkin Ruwa, Malam Gambo, ya yi sallama a ƙofarmu, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ajiye wani baƙin damin rama mai ɗoyi a gaban Baba. Ya ce ya shiga cikin ciyawar gefen gabas ya tarar da dami fiye da yadda zai iya ɗauka, an danne su da itace a ƙarƙashin ruwa. Ruwa ya yi ƙasa, ga zafi, ramar ta ruɓe ta kashe kifin. Ya nuna ƙullin igiyar, ya ce garin nan mutum ɗaya ke irin wannan ƙulli. Sannan ya dubi Baba ya ce, "Dauda, ka sani?" Baba ya ce, "Na ga Iya Falmata tana sawa tun makonni. Na yi mata magana, ta ce za ta kwashe. Ciwo ya hana ta jiƙawa da kaka, ga yara." Malam Gambo ya ce, "To me ya hana ka faɗa a gaban Dagaci?" Baba ya ce, "Ni in an kore ni ina da ƙafar tafiya. Ita fa?" Malam Gambo ya daɗe yana shafa gemu. Da ya tashi ya ce, "Allah ya saka maka."

Washegari ya shaida wa Dagaci cewa ruɓaɓɓiyar rama ce, ba Dauda ba ne, kuma bai ambaci sunan kowa ba. Aka bar mana gonarmu. Wasu suka zo ba da haƙuri, wasu suka aiko da goro, wasu kuwa har Baba ya rasu suna kiransa mai magimfa a bayan idonsa. Iya Falmata ta shigo wata rana da la'asar, ta zauna a bakin murhu tana kuka. Inna ta miƙa mata fura. Ni ce na fi kowa daɗewa ban huce ba, sai da damina ta kusa fita na yarda na sake ajiye kaina a cinyar Iya Falmata ta yi mini kitso.

Yanzu na tsufa a birni, majami'armu cike take kowace Lahadi, muna da lasifika da masu iya magana. An ce mini ruwa ba ya malala a fadamarmu kamar da, bikin su ma ya zama labari. Idan aka faɗi abin da ban yi ba, har yau nakan ji jinin nan na 'yar shekara tara ya taso, bakina ya riga hankalina. Sai in tuna yadda Baba ya tashi daga gaban Dagaci ya wuce ya ɗauki fartanyarsa, ba sauri ba fushi. Addininsa na gada tun ina yarinya. Natsuwarsa ce har yanzu nake roƙo.